Shekarar da Hagu Ta Ɓace wa Gajere

A Mawashi, cikin ƙasar Kankiya, an yi wani manomi da ake kira Gajere. Sunansa na yanka Lawal, amma ranar suna kakarsa ta ɗaga shi ta duba, ta ce wannan ba zai wuce tsayin turmi ba. Ya girma ya fi kowa tsawo a garin, har sai ya sunkuya yake shiga zaure. Ba a sake masa suna ba, domin tsohuwar ta riga ta rasu, kuma ba a ga dalilin ƙaryata mamaci ba.

Bai riƙe sarauta ba, bai yi fatauci ba, karatunsa bai wuce abin salla ba. Gonarsa kamar ta kowa ce: gero, dawa, da 'yar gyaɗa tun da zamanin Turawa ya zo da sonta. Matarsa ɗaya, Turai, 'ya'yansu mata biyu duk suna ɗakin mazajensu. Mutum ne marar magana. Turai takan ce in aka tara abin da ya faɗa mata a shekara ba zai cika ludayi ba.

Abu ɗaya ya iya wanda ba wanda ya kama ƙafarsa, shi ne miƙe kunyar gona.

Al'adar garin, in damina ta kama aka kira gayyar huɗa, mutum ɗaya ne ke fara shiga da galma, wato garmar hannu, ya ja kunya ta farko daga wannan bakin gona zuwa wancan. Sai sauran majiya ƙarfi su jeru, kowa ya bi ta maƙwabcinsa. In ta farko ta miƙe, gona ta miƙe. In ta karkace, mutum arba'in sun karkace. Ana ce wa wannan aiki buɗe gona, kuma shekara ashirin da 'yan kai Gajere ne ke yin sa. Yakan tsaya a bakin gona ya zaɓi itace guda can nesa, gawo ko ɗorawa, ya dube shi ɗan lokaci kamar suna ƙulla alkawari, ya tofa yawu a tafi, ya sunkuya. Duk sara goma yakan ɗaga kai sau ɗaya. Jaji makaɗi na biye da shi da ganga yana cewa, "Kibiya, ba ki san kwana ba!" In ya kai ƙarshe ba ya waiwaya ya duba aikinsa. A ganinsa waiwaye na masu shakka ne.

Ciwon ya soma a kakar 1951, bayan an shigar da hatsi rumbu. Ciwon kai ne mai zuwa da asuba, ya tashe shi kafin ladan. Sai ya ɗaure kansa da rawani tamau, ya zauna bakin gado yana jiran hantsi, don da rana ta ɗaga yakan lafa. Daga baya amai ya biyo, ba tashin zuciya, ba gargaɗi, tun bai sa komai a baki ba. Turai ta ɗora wa kanta laifi. Ta bar kunun tsamiya ta koma na kanwa, ta sake tukunya, ta sake rijiyar da take ɗiban ruwa. Aman bai kula da ko ɗaya ba.

Da rani ya yi nisa ya fara jin ƙaurin tsumma. Yana zaune sai ya zabura ya ce wuta, ya zagaya rumbu, ya leƙa madafa, ya shinshina jinka. Ba wanda ke jin komai. Bayan ƙaurin sai ya tsaya cik inda yake, ido a buɗe, leɓe na motsi, hannun hagu na rawa, gwargwadon lokacin da mutum zai shanye moɗa guda ta ruwa. In ya dawo sai ya tambayi wa ya bar wuta, ya kwanta ya yi barci kamar wanda ya yini yana sassabe.

Halinsa ma ya juya. Mutumin da ba ya magana ya zama mai zance, mai dariya, wani lokaci inda ba a dariya. Ya je gaisuwar mutuwa ya yaba daɗin furar da aka kawo, har ya tambayi wa ta dama. Turai, wadda ta yi shekaru tana roƙon Allah ya buɗe bakin mijinta, ta fara tunanin ko ta cika naci.

Sannan hagu ta ɓace masa.

Turai ce ta fara lura, a akushi. Yakan cinye tuwon da ke ɓangaren dama tas, ya bar na hagu kamar an yanka da wuƙa, ya ce yau tuwon ya yi kaɗan. Yakan sa hannun dama a riga ya bar na hagu a waje. Yakan dawo daga masallaci da takalmi ɗaya. Kafaɗarsa ta hagu ta riƙa bugun bakin ƙofa har ta yi tabo, ya ce maginan yanzu ba su san awo ba, ƙofar da ya yi shekara talatin yana wucewa.

A gari kuwa abin ya zama maganar zumunci. Hanyar gidansa zuwa masallaci tana da gidaje gefe biyu. In zai tafi, yakan gaishe da mutanen gefe ɗaya har da tambayar iyali, ya wuce na ɗaya gefen kamar ba a halicce su ba. In zai dawo, waɗanda ya share ɗazu su yake gaisarwa, ya share waɗanda ya gaisar. Aka yi makonni kowane gida na binciken abin da ya yi wa Gajere. Wani ya tuna akuyarsa ta taɓa cin wakensa, ya aika da ban haƙuri. Gajere ya karɓi ban haƙurin da mamaki, ya ce ya yafe.

An yi magani gwargwadon hali. Wanzami ya kafa masa ƙaho a ƙeya. An wanke allo ya sha. An yi masa hayaƙi har idonsa ya yi ja. Kowane magani ya yi aiki na kwana biyu ko uku, daidai lokacin da ake buƙata kafin a ji labarin wani. Shi dai ya tsaya a kan cewa ciwon kai ne kawai. Nan wuyar take. Mai ido ɗaya ya san ɗayan ya tafi. Gajere bai san ya rasa komai ba, duniyarsa cike take a wajensa, sai dai mutane sun ragu kuma tuwo ya yi kaɗan.

Ruwa ya sauka, shuka ta fito, aka kira gayyar farko a gonar Mamuda, wani magidanci da Gajere ya koya wa riƙon galma tun yana saurayi. Aka taru. Gajere ya zaɓi gawonsa, ya tofa yawu, ya sunkuya. Sara ashirin na farko lafiya lau. Daga nan kunyar ta fara jan dama, kaɗan-kaɗan, kamar akuyar da ta hango ciyawa. Yana ɗaga kai kamar kullum, yana duban gawon, yana gamsuwa, yana ƙara karkata. Ya ƙare a gindin wata kuka, taku sittin daga inda ya nufa, ya miƙe ya share gumi bai waiwaya ba.

Mutum arba'in da galma a kafaɗa suna duban juna. Jaji ya rasa abin yi da hannunsa, sai ya buga ganga ya ce, "Kibiya, ba ki san kwana ba!" Mamuda ya shiga ya bi kunyar yadda take. Na kusa da shi ya bi tasa. Kafin azahar gonar Mamuda duk ta lanƙwashe kamar lauje, kunya bayan kunya, ba wadda ta saɓa wa 'yar'uwarta. Masu wucewa suka riƙa tsayawa kallo. Wani baƙo ya tambaya ko sabon tsarin malaman gona ne, aka ce masa e, don a rabu lafiya.

Da la'asar dattawa suka zauna gindin durumi. Abin da ya dame su shi ne saura kwana goma sha biyu gayyar Kusada. Duk shekara garuruwan biyu kan yi wa juna gayya guda, wannan karon Mawashi ce za ta je, kuma baƙi ne ke buɗe gona. Mutanen Kusada sun yi shekara ashirin suna neman karkata a aikin Gajere ba su samu ba, suna da makaɗansu, kuma ba abin da zai sa su yi masa kara. In ya ja irin ta yau a can, kafin magariba ya zama waƙa, kuma waƙa ba ta mutuwa da mai ita. In kuma aka hana shi, sai an faɗa masa dalili.

Wa zai faɗa? Liman ya ce wannan ba mas'alar addini ba ce. Mai unguwa ya ce ba ta mulki ba ce. Mamuda ya ce gara gonarsa ta lanƙwashe shekara goma da ya buɗe baki. Aka aika a tambayi Turai ta bayan danga.

Ta ce, "Ni da ban taɓa kama sunansa ba, in kama aikinsa? Ku aika garin Kunduru a kira Yaya Sa'a."

Sa'a taubashiyarsa ce, 'yar kawunsa. Tsakanin ɗan mace da 'yar namiji akwai wasan da al'ada ta halatta, ba a fushi, ba a kai ƙara, kuma ita ta ɗauki wannan izini da muhimmanci tun suna yara. Gajeruwa ce ta gaske, mai sayar da daddawa, mijinta ya rasu, muryarta kuwa ba ta taɓa rashin lafiya ba. Washegari da hantsi ta iso a ƙafa, tun daga zaure ake jin ta.

"Ina bawan nan nawa? An ce ya yi arziki ya daina gaida mutane!"

Gajere na zaune a inuwar rumbu da rawani ɗaure a kai. Ya ce, "Wa ke magana? Ina jin murya ban ga mutum ba. Turai, duba ƙarƙashin kwando."

"Ga ni nan gefenka, dogon banza."

Ta tsaya ne a hagunsa da gangan, kusa har zanenta na taɓa gwiwarsa. Ya duba gaba, ya duba dama. Sai da ta zagayo sannan ya gan ta.

"Au, ke ce. Halan ta ƙasa kika ɓullo, kamar gara?"

Sa'a ba ta yi dariya ba, abin da bai taɓa faruwa ba. Ta ce, "Matar bawana, kawo mashi tuwo."

Aka kawo ɗumame. Ya ci rabinsa na dama, ya suɗe hannu, ya ce wa Sa'a ta gani da idonta yadda ake horonsa da yunwa a gidan nan. Ta miƙa hannu ta juya akushin. Rabin da ya bari ya dawo dama.

Ya dubi tuwon. Ya ce, "Wa ya ƙaro?"

"Ba wanda ya ƙaro. Naka ne. Wata huɗu kana barin shi, baiwar Allah nan tana ba kaji."

"Ƙarya kike."

"Na saba. Amma yau ban yi ba. Tashi mu tahi."

Ta riƙe hannun rigarsa har gonar Mamuda, ta hau da shi kan wani suri a bakin gona, ta juya shi yadda gonar duk za ta faɗo a damansa. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya yi tsaki.

"Wane makaho ya buɗe wagga?"

"Kai."

"Ni gawo na nufa."

"Ga gawo can. Ga inda ka fita, gindin kuka. Ga sawunka, duk garin nan wa ke da ƙafa kamar faifai in ba kai ba?"

Ya sauko daga surin a hankali, ya bi kunyar da ƙafa tun daga farko har kukar. Ya tsaya can. Da ya dawo muryarsa ta yi ƙasa.

"Su arba'in suka bi ni?"

"Su arba'in."

"Ba wanda ya ce uffan?"

"Suna ganin girmanka."

"Jaji fa?"

"Ya ce kibiya."

Gajere ya yi dariya har ya dafa cinya, sai dariyar ta juye ta zama wani abu dabam. Sa'a ta juya baya tana gyara ɗaurin kallabi, ta daɗe tana gyarawa.

A makon nan aka ji likita Bature mai rangadi zai sauka ɗakin shan magani na Kankiya. Suka tafi su uku, shi a kan jaki, Turai na riƙe da shi ta hagu don yakan zame ta nan, Sa'a na gaba tana gaya wa duk wanda suka haɗu da shi cewa za ta kai bawanta kasuwa ne amma ba ta sa ran ciniki.

Likitan ya haska masa ido da 'yar fitila, ya daɗe yana leƙe. Ya sa shi ya miƙa hannu biyu ya rufe ido, na hagu ya riƙa sauka shi kaɗai. Ya ɗaga yatsu ta dama ya tambaya, ta bakin malamin asibiti, nawa ne.

Gajere ya juya wajen Sa'a. "Wanga ne likitan? Bai san yatsunsa nawa ba?"

Likitan ya ɗaga yatsu ta hagu. Gajere ya ce a gaya masa ya ɗaga mana, yana jira.

Malamin asibiti ya fassara bayanin a hankali. Akwai ƙari da ke tsiro a cikin ƙoƙon kai, a ƙwaƙwalwa, ta ɓangaren dama. Kai ba shi da wurin faɗaɗa, don haka ƙarin ke danne abin da ya tarar. Shi ne ciwon asuba, shi ne amai, shi ne ƙaurin da ba wuta, shi ne hagun da ta ɓace.

Gajere ya ce, "Ɓarna a dama, hukunci a hagu. Ashe cikin kai ma haka ake shari'a."

Malamin bai fassara wannan ba. Ya ce likita zai ba da ƙwayoyi na rage ciwon da na rage tsayawar nan da yake yi, amma ba za su cire ƙarin ba. Akwai babban asibiti can nesa inda wataƙila a duba ko za a iya buɗe kan, sai dai ba alkawari, kuma tafiyar ta watanni ce.

"Za a gama kafin gayyar Kusada?"

"Yaushe ce?"

"Saura kwana shida."

"A'a, Baba."

"To a bari sai an yi girbi."

Likitan ya dube shi, ya dubi Turai, ya rubuta wani abu gajere a takarda. Turai ta gane abin da kallon ke nufi, ta ƙulle ƙwayoyin a gefen zane.

A hanyar dawowa suka yi ta tafiya har suka wuce rafi. Can Gajere ya ce, "Ni zan buɗe."

Turai ta ce, "Malam, don Allah."

Sa'a ta ce, "Da wane ido?"

"Ke, bakin nan naki, nisa nawa yake kaiwa?"

"In na kira akuyata a Kunduru, ta Kankiya ke amsawa."

"To ki tsaya can ƙarshen gona. In na karkata ki faɗa."

"In tsaya gaban Kusada duka ina cewa hagu, hagu, kamar mai koya wa soja tafiya? Ai gara ka faɗa rijiya, ya fi sutura."

Suka ƙara tafiya. Jakin ya tsaya ya ci ciyawa, aka jira shi. Sa'a ce ta sake magana.

"Mi zai hana in zage ka? Wa zai yi mamaki? In kana daidai, in zagi tsawonka. In ka karkata, in koma kan hancinka, kai kuma ka jawo galma wajen hannun nan da ka manta da shi har sai na bar hancin."

"Mi hancina ya yi?"

"Shekara hamsin ina tara mashi magana."

Kwana biyar suka yi suna gwadawa a bayan gari, a wata saura, tsohuwar gonar da ba mai zuwa, bayan hantsi in ciwon ya lafa. Turai na zaune da tulun ruwa tana gadi. Ranar farko hancin ya sha zagi tun daga farko har ƙarshe. Ranar huɗu tsawo ya fara samun rabonsa.

Ranar gayya gonar da aka ba su doguwa ce, ta wani dattijo Ummaru, a gabashin Kusada. Mutanen gari sun cika bakin gona, mata da ƙoren fura a inuwa. Sa'a ta ratsa ta tsaya can ƙarshe a gindin ɗorawa, ta riƙe ƙugu. Mutanen Mawashi ba su san shirin ba, sai dai Mamuda da Jaji. Sauran suna duban ƙasa kamar masu rakiyar gawa.

Gajere ya tofa yawu ya sunkuya.

"Ku dubi gwangwala da riga!" Muryar Sa'a ta ratsa gonar har ta fi ganga. "Uwarsa ta haifi tsani ta ce ɗa ne!"

Kusada ta fashe da dariya. Wani ya tambaya wace ce, aka ce taubashiyarsa, ya ce to madalla, ya gyara tsayuwa.

Gajere ya amsa bai ɗago ba. "A ɗora ta kan turmi in gan ta!"

"Raƙumi ya ga ka ya ce yaya! In ka faɗi yau, sai jibi kanka zai iso ƙasa!"

Sara talatin, arba'in. Sai kunyar ta fara jan dama.

"Hanci kamar murfin rumbu! Hanci kamar sirdin jaki! Da shi ake haƙar gyaɗa a gidanku!"

Ya ɗan tsaya, ya jawo galma wajen da babu komai a duniyarsa, ya sara a can bisa amana. Ya ƙara. Ya ƙara.

"Dogo, dogo, sandar kaɗa mangwaro!"

Mamuda ya saki numfashi.

Sun kai tsakiyar gona ke nan Gajere ya miƙe ya shinshina iska. Sa'a ta gani daga nesa, ta san abin da ke tafe. Ya tsaya cik, galma a ƙasa, leɓe na motsi, hannun hagu ya fara rawa, a fili, gaban mutum fiye da ɗari biyu. Jaji ya matso kusa ya ninka kiɗa. Sa'a ta fizge ƙwaryar fura daga hannun wata mata, ta nufo shi da sauri tana ihu.

"Kun gani ko? Rabin gona ya tsaya roƙon fura! Haka yake tun yana yaro, ba ya aiki sai an cika tumbi! Ku yi haƙuri, mutanen Kusada, bawa ne, sai da lallashi!"

Ta tsaya a hagunsa, tsakaninsa da jama'a, ta baza mayafi kamar iska ce ta ɗauke shi, ta kama hannun da ke rawa ta riƙe a ƙarƙashi. Da ɗaya hannun ta ɗaga ƙwarya wajen bakinsa. Bakinta bai tsaya ba. Ta zagi cinsa, ta zagi barcinsa, ta zagi jakinsa, ta ba da labarin ranar da ya gudu daga ɗan maraƙi yana shekara bakwai. Jama'a na ta dariya, wasu har da hawaye. Hannun ya yi ta rawa a cikin nata, sannan ya lafa.

Ya ƙifta ido. Ya ce a hankali, "Wa ya bar wuta?"

Ta rage murya. "Ba wuta. Kusada muke, gonar Ummaru. Ka yi rabi, saura rabi. Sha."

Ya sha. Ya dubi galma a ƙasa kamar baƙuwa, sannan ya gane ta.

"Barci nake ji, Sa'a."

"Na sani. Ka yi shi can gindin ɗorawa. Kama, ga ƙotar, ga hannunka, na ɗora maka."

Ta koma wurinta da gudu-gudu. Rabin na biyu ya fi na farko daɗewa. Hannun hagu ba ya riƙo sosai, saran ya rage zurfi, hanci ya sha zagi sau huɗu. Muryar Sa'a ta fara dushewa, abin da tarihin Kunduru bai san da shi ba. Da ya kai gindin ɗorawa sai ya zauna a ƙasa, ya jingina da itacen. Mamuda ya daka tsawa, mutum arba'in suka afka gona.

Dattijo Ummaru ya zo ya tsuguna a bakin kunyar, ya rufe ido ɗaya, ya daɗe yana hange. Ya miƙe ya kakkaɓe riga ya ce ba laifi. A bakin mutumin Kusada game da aikin Mawashi, ba a taɓa jin yabon da ya kai wannan ba. Ya ƙara da roƙon cewa in an sake zuwa, a bar matar nan a gida.

Da ya tafi Gajere ya ce, "Sa'a. Ta miƙe?"

"Waiwaya ka gani mana."

"Ba na waiwaye. Ke nake tambaya."

"Ta miƙe."

"Ba irin ta su Jaji ba?"

"Ni na taɓa ganin girmanka?"

Ya yi murmushi da rabin baki, ya ce a kira masa Mamuda in ya fito. Da ya zo ya ce masa daga yau shi zai riƙa buɗewa, kuma in ya karkata a gaya masa tun a sara na farko, ko da yaron goye ne ya gani. Sannan ya kwanta a inuwa ya yi barci, ana kiɗa, ana huɗa.

Bai sake riƙe galma ba. Da gero ya fara fitar da kai ƙafar hagu ta daina ɗaukarsa, ganin dama ma ya riƙa dushewa. Turai ta kwashe komai na ɗakin ta mai da shi ɓangaren dama na gadonsa, buta, tasbaha, moɗa, ita ma can take zama. Mutanen gari suka koyi zagayowa ta dama in sun zo gaisuwa, har wasu suka ci gaba da yi wa sauran marasa lafiya haka ba tare da sanin dalili ba. Ya yi ta zance har kusan ƙarshe, Turai na sauraro, ba ta ƙara cewa ya yi yawa ba. Ya rasu bayan an yanke dawa, ranar wata Laraba da hantsi.

Sa'a ta zo daga Kunduru ta zauna kusa da Turai har aka yi sadakar bakwai. Ta daka, ta dama, ta wanke ƙore, ta raka baƙi bakin ƙofa. A kwana bakwai ɗin nan ba wanda ya ji ta ce komai ban da amin.